Agogon Mailofe da Inuwar Atiku

Madatsar Wurno,
Juma'a, 8 ga Rabi'ul Awwal, 1358

Daga Mainasara ɗan Abu, Tankifan Madatsar Wurno, Wazirin Sa'a, Ma'ajin Daƙiƙa, zuwa ga yayarsa Turai, matar Atiku, a Giyawa ta ƙasar Goronyo. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da tambayar lafiyarki da ta Inno surukarki, da addu'ar Allah Ya sauke ki lafiya. Bayan haka:

Ina sanar da ke mijinki na nan da ransa. Yau kwanansa goma sha biyar cikin arba'in ɗin aikin tilas da aka yanka wa mutanen Giyawa. Muƙaminsa a wannan daula shi ne ɗaukar kwandon ƙasa daga rami zuwa bisa ganuwar da ake tayarwa don ta tsare Gulbin Rima daga fadamar shinkafa. Nawa muƙamin, na Tankifa, wato mai tsaron lokaci, ya fi nasa nesa ba kusa ba. An rataye guntun ƙarfen dogo a reshen gawo, ni ke dukansa da guduma. Ƙarfe shida na safe mutum ɗari uku su sunkuya, ƙarfe biyu na rana su miƙe. Ki shaida wa matan gidanmu, yaron da suka ce ko kaza ba zai iya kiwo ba, yau rana yake kiwo.

Baturen aikin, wanda leburori suka laƙaba wa Mailofe, ya tashi shekaranjiya zuwa ƙasarsu. Lafiyarsa lau, ba a yi masa rasuwa ba, ba a kuma kore shi ba. Hutu ya tafi, na wata biyar, albashinsa na bin sa har bisa gado. Ta'ajibin wannan al'amari ya sa na tsare kukunsa da tambaya, na haɗa da tsofaffin jaridun da ya bari, na yi musu bincike da ɗan Turancin da na tsinto a makarantar Sakkwato. Jiya da yamma kuwa na tara jama'a gindin gawo na yi musu lacca.

Na ce, "Ya ku ma'abota kwando, ku saurari nizamin manyan dauloli. A Ingila lebura sa'a takwas yake yi, kuma bara aka yi doka a ba shi mako guda a shekara ya zauna gida ana biyansa. A Faransa sa'a arba'in ce a mako, hutun kuwa mako biyu. Amurkawa sun rage sa'o'in, amma hutun biya sun ce sai sun yi shawara da aljihunsu."

Sannan na nuna musu hoton da ke cikin jarida: ga mutanen Ingila can bakin teku, sun tuɓe riguna, sun kwanta jere cikin rana tsaka. Na ce wannan shi ne hutun.

Wani tsohon Bafillace, Bube, wanda aka ɗebo daga Kwargaba a madadin ɗansa, ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, "Laihin mi sunka yi anka shanya su?"

Aka fashe da dariya. Mijinki kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Kai tankihwa, in dut sun tahi sun kwanta, wa ka yi musu aikin?"

Na gyara murya na ce wannan mas'ala ce mai zurfi wadda malamai suka yi saɓani a kanta.

Ya ce, "Ba ta da zurhi. Ga ta nan, da sahe nika aza ta bisa kaina." Ya nuna kwandonsa da haɓa.

Yanzu ragamar aiki na hannun shugaban leburori, Heluma Kyauta, tsohon soja, mutum ne wanda wuyansa da kansa faɗinsu ɗaya. A gabana Mailofe ya damƙa masa agogon aiki cikin akwatinsa, ya ce sa'a takwas, kada a ƙara ko daƙiƙa. Heluma ke riƙon agogon a rumfarsa. In lokaci ya yi ya fito da shi ya nuna mini fuskarsa, ni kuma in buga. Yana da dorina wadda yake kira Malama, wai ita ke karantarwa. Jiya ta fara darasi. Wani mutumin Kwargaba ya zauna cire ƙaya daga ƙafa, Heluma ya zo ta bayansa ya shauɗa masa a fuska, kunnen ya tsage biyu. Jini na zuba cikin kwandon, aka sa shi ya ɗauka haka nan ya hau ganuwa. Na so in sami kalmar da ta dace da wannan a Larabci, ban samu ba.

Kada ki damu. Atiku na ƙarƙashin inuwar gwamnatina. Ki gai da Inno da Liman. Wassalam.

Ƙanenki mai ɗimbin muƙamai,
Mainasara

*

Giyawa,
13 ga Rabi'ul Awwal

Daga Turai zuwa ga ƙanena Mainasara. Ni ka hwaɗi, Liman ka rubutawa. Ina gaishe ka, Inno na gaishe ka. Muna lahiya.

Takardakka ta iso. Liman ya karanta muna ita cikin zaure, sai da yat tsaya sau ukku yash sha ruwa. Sarautun ga naka, wa yan naɗa maka su? Mu dai mun ji ƙarhe kaka bugu. Ko maƙeri na bugu nai, bai ce shi waziri na ba.

Ka saurara. Hadari ya hwara haɗuwa gabas. Na ware irin gero, sungumi na nan jingine, ba mai ɗauka. Ni yanzu ban iya duƙawa, Inno ko ba ta gani. In ruwa yas sauka Atiku ba shi gida, bana ba mu da hatsi. Abu guda nika so gare ka: ran da arba'in tac cika ka maido min shi bisa ƙahwahunai.

Kuma ka kama bakinka. Kai in ka hwaɗi magana sai ka yi dariya ka mance. Atiku ba haka shike ba. In magana ta shige mai, tana nan kamar ƙaya har ta yi ruwa. Mi yah haɗa ka da hutun Hwaransa? Can za ka?

Ga ƙuli-ƙuli da daddawa nan, ku raba biyu. Na ce biyu. Allah shi tsare ku.

Yayakka,
Turai

*

Madatsar Wurno,
Juma'a, 22 ga Rabi'ul Awwal

Daga Mainasara, wanda har yanzu Tankifa ne amma ya ajiye sauran sarautun na ɗan lokaci, zuwa ga Yaya Turai. Gaisuwa da fatan alheri, da godiyar ƙuli-ƙuli, wanda aka raba bisa adalci gwargwadon iko. Bayan haka:

Ki sa Liman ya sallami yara daga zauren kafin ya karanta.

Wata muhawara ta ɓarke a nan tsakanin ilmi biyu, na agogo da na inuwa. Kin san Atiku ne ke auna wa Liman lokacin salla a Giyawa: ya tsaya ya ba rana baya, ya lura da inda inuwar kansa ta ƙare, ya taka ta diddige da yatsa. Ashe tun zamanin Mailofe yake wannan awo kullum in na buga ƙarfen tashi, don ya san ko Azahar ta yi nisa. Kullum ƙafa uku yake samu. Da Mailofe ya tafi sai ta zama huɗu. Bayan mako ta zama biyar. Ranar Litinin ba a nuna mini agogo ba sai da ta kai bakwai, ana kiran La'asar cikin gari, fuskar agogon kuwa na cewa ƙarfe biyu daidai.

Ranar Talata da inuwa ta kai uku, Atiku ya sauke kwandonsa. Ya tsaya gaban rumfar Heluma ya taka ta a hankali, kowa na kallo.

Ya ce, "Heluma, ƙahwa ukku. Lokaci ya yi."

Heluma ya fito da agogon ya ɗaga. Sha biyu da rabi. Ya ce, "Tsakanin agogon Bature da inuwar baƙauye, wa ya fi gaskiya?"

Atiku ya ce, "Wadda ba a iya murɗa ma kunne."

Sai wani daga bisa ganuwa ya yi kuwwa, "Sa'a takwas!" Wani ya amsa, "Kamar Ingila!" Laccata ce, Yaya. Na yi ta don a yi dariya, ga ta ta dawo da ƙafafunta.

Heluma na da ƙarti biyu masu kulake. Suka kama Atiku suka tuɓe masa riga, suka ɗaure hannuwansa a jikin gawo, daidai ƙarƙashin ƙarfena. Heluma ya juyo ya ce, "Tankifa, ƙidaya aikinka ne. Goma sha biyu."

Na ƙidaya. A ta uku fata ta buɗe. A ta biyar jini ya fantsamo mini bisa littafin suna. Atiku bai yi kuka ba, goshinsa kawai ya kafa a jikin icen. Sai hikima ta zo mini, irin tawa: da ta bakwai ta sauka sai na ce "takwas", don in sace masa guda.

Heluma ya sauke hannu. Ya yi murmushi ya ce, "Tankifa ya ɓata ƙidaya. A sake daga ɗaya."

Goma sha tara ya sha, bakwai a ciki kyautata ce. Da aka kwance shi ya zube, tsoho Bube ne ya jawo shi inuwa ya wanke masa bayan da ruwan gishiri. Kuma an ƙara masa kwana goma bisa arba'in ɗinsa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Tun makon farko na leƙa ta ɓular zana na ga Heluma na mayar da hannun agogon baya da ɗan yatsa. Ya ɗago ya gan ni. Bai ko ɓoye ba. Ya ce Mailofe ya yi masa alkawarin helumancin dukan ayyukan lardi in ganuwa ta ƙare kafin gulbi ya kawo. Ya ce, "Ni shekara goma sha ɗaya rabona da garinmu. Wa ya ba ni hutu? In ka buɗe baki, kwando na jiran kanka." Na ci gaba da bugun ƙarfen ƙarya da hannuna.

Jiya na kai wa Atiku fura. Yana kwance rub da ciki. Na ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Inuwa." Ya ce, "Kai dai kak ka sake yi min rangwame." Ya yi dariya har bayan ya sake tsagewa.

Na rubuta wa Kawu Abdulƙadiri a Rabah, tun da shi ya samo mini aikin nan kuma yana da ƙafa a wurin manya. Ki yi haƙuri, ki yafe mini. Wassalam.

Ƙanenki,
Mainasara

*

Rabah,
28 ga Rabi'ul Awwal

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga Abdulƙadiri ɗan Lawwali zuwa ga ɗan ƙanwarsa Mainasara. Aminci da albarka su tabbata gare ka. Bayan haka:

Takardarka ta same ni, na kuwa karanta ta sau biyu, na biyun don in tsince maganar daga cikin ado. Abin da aka yi wa Atiku zalunci ne, ban musa ba.

Na ɗaura wa jaki sirdi na tafi har Sakkwato da kukanku. Magatakarda ya karɓe ni da mutunci. Ya ce al'amarin madatsa na hannun Mailofe, Mailofe na hutu. Na ce wa ke riƙe masa? Ya ce wani Bature ne aka turo daga wani lardi, amma bai iso ba, domin wanda zai karɓe shi can bai komo daga nasa hutun ba. Na ce to babbansu fa? Ya ce ya tafi tudun Jos shan iska na mako uku, likita ya ce zafin bana ya yi masa yawa. An rubuta kukan an sa cikin tire. Na ga tiren da idona, ya cika.

Saboda haka ga nasihata. Kai ba alƙali ba ne, ba ka kuma riƙe da igiyar rana. An ɗauke ka ka buga ƙarfe in an nuna maka agogo. Ka buga. Kwana goma ba shekara goma ba ce, in an yi shuka a makare ana samun wani abu, amma wanda aka rufe ba ya shuka ko a makare. Na ji har nan yara na waƙar sa'a takwas a kasuwa, an ce kai ne mafarinta. Harshenka ya fi gudumarka ƙara, ɗana. Ka sassauta masa.

Allah Ya shirye ka, Ya huci zuciyar Atiku. Wassalam.

Kawunka,
Abdulƙadiri

*

Ɗakin Magani, Wurno,
Laraba, 11 ga Rabi'us Sani

Daga Mainasara, tsohon Tankifa, zuwa ga Kawu Malam Abdulƙadiri. Gaisuwa irin ta ɗa ga uba, da neman gafara tun kafin a ji laifin. Za ka ga rubutun ba nawa ba ne. Malamin magani ke rubuta mini, kuma ya yi rantsuwa duk kalmar da ta wuce gaɓa huɗu zai yanke mata wutsiya. Akwai ɗan doka zaune bakin ƙofa. Bayan haka:

Nasiharka ta iso, na kuwa bi ta kwana takwas cur, wanda a tarihina ba a taɓa yin irinsa ba.

Laraba da ta wuce, washegarin ranar da arba'in ɗin mutanen Giyawa ta cika, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye ƙasa na ƙamshi, mutum ɗari uku suka tsaya suna duban gabas, kowa gonarsa yake gani. Dattawa suka je suka durƙusa wa Heluma, a ba su kwana uku su yi shuka su komo. Ya ce ba mai tafiya, har waɗanda kwanakinsu suka cika, sai ganuwa ta haɗe. Wanda ya yi magana a madadinsu ya sha kulki a baki, haƙora biyu suka zube cikin taɓo.

Ranar Alhamis rana ta buɗe bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa, zafi ya zama kamar na tukunyar rini. Gawo kuma ya fara zubar da ganye yadda ya saba in damina ta kama, inuwarsa ta ƙare. Tsoho Bube na hawan ganuwa da kwando, inuwa ta wuce ƙafa biyar, agogo na cewa ɗaya saura. Ya tsaya, ya zauna, ya kwanta rigingine. Ɗaya daga cikin ƙartin ya zuba masa dorina uku kafin ya lura ba ya motsi. Heluma ya ce kada a taɓa shi sai an tashi. Haka ya kwanta cikin rana, rigarsa a yage, hannuwa a shimfiɗe, sai na tuna hoton nan na bakin teku da tambayar da ya yi mini. Da La'asar aka ba ni izini na buga ƙarfe, muka rufe shi.

Ranar Asabar na fito da guduma na tsaya gindin gawo tun hantsi. Atiku na wucewa da kwando, bayansa duk ƙuda. Na ce, "Malam mai ilmin falaki, in ta kai uku ka yi mini tari." Ya dube ni. Ya ce, "Ka san abin da kaka yi?" Na ce a'a, kuma in na tsaya sani ba zan yi ba.

Ya yi tari, Kawu. Na buga.

Ban taɓa bugun ƙarfen nan haka ba. An ce an ji shi har kasuwar Wurno. Kwando ɗari uku suka faɗi ƙasa lokaci guda.

Heluma ya fito da gudu, agogo a hannu. Ya ce, "Wa ya ba ka izini?" Na ce, "Rana, ranka ya daɗe. Ta ce a gaya maka ba ta karɓi canjin da ka yi mata ba." Wannan ita ce magana mafi tsada da na taɓa yi. Ƙartin suka kama ni. Ɗaya ya danne mini hannun dama bisa ƙarfen dogon, Heluma ya karɓi gudumata ya sauke ta sau biyu. Na ji ƙarar ƙarfen kafin in ji zafin. Malamin magani ya ce yatsu uku sun tafi ke nan, na huɗun ana shawara da shi.

Heluma ya ɗaga gudumar karo na uku, ba ta sauka ba. Wata ƙotar diga ta zo ta gefe ta same shi a fuska, na ji ƙashi ya amsa. Hannun wa ne, ban gani ba, idona ya rufe. Na sake faɗa don malamin magani ya rubuta da kyau: ban gani ba.

Daga nan kamar ganuwa ce ta zubo. Mutane suka sauko da shebur da diga da hannu. Ƙato ɗaya aka karya masa ƙafa ya ja jiki ya shige daji, ɗayan ya faɗa gulbi ya yi iyo ya tsira. Aka cinna wa rumfar wuta. Mutumin Kwargaba mai tsagaggen kunne ya ɗauki agogon ya aza bisa ƙarfen dogo ya yi ta dukansa har ƙananan ƙafafun cikinsa suka watse cikin taɓo, yara na tsinta har yau. Dorina kuwa aka yanka ta gunduwa-gunduwa. Kafin 'yan doka su iso babu kowa a madatsa sai ni da Heluma kwance kusa da juna, kowa na nishi cikin jininsa. Heluma bai mutu ba. Idon hagu ya tafi, kuma ya ce bai san wanda ya buge shi ba, ta makauniyar kusurwa aka zo masa.

Yanzu ga Bature ya samu. Cikin kwana biyu ya iso daga inda babu shi. Tambayarsa guda: wa ya bugi Heluma? An yi mini ita da baki, an yi mini ita da mari, jiya an yi mini ita ta hanyar matsa hannun. Na ba su amsoshi masu faɗi game da nizamin Faransa.

Ka aika wa Yaya Turai cewa ina lafiya. Ka yafe mini aikin da ka samo mini na zubar. Wassalam.

Ɗanka,
Mainasara

*

Giyawa,
17 ga Rabi'us Sani

Daga Turai zuwa ga Mainasara. Liman ka rubutawa, Kawu ka kawo maka da hannunai. In ka karanta ka ba shi shi ƙone ta. Ina gaishe ka, ƙanena. Sannu. Sannu.

Atiku ya iso ran Lahadi da hantsi, da ƙasa yat taho tun daga Wurno. Bai shiga gida ba, gona yaw wuce. Shina sara da sungumi, ni da Inno muna bi muna zuba iri muna rufewa da diddige, jini na bin bayanai har ga wando. Kwana ukku munka yi. Gero ya tsiro, Mainasara, layi-layi. Ran Jumu'a kuma na sauka, namiji.

Amma ba shi barci, ba shi cin tuwo. Ya hwaɗa min komi. Ya ce shi na yad ɗauki ƙotad diga, kuma ka gane shi sarai, don idonka na cikin nashi sa'adda yas sauke ta. Da Kawu yaz zo da labarin abin da aka yi ma hannunka don ka hwaɗi suna, sai yat tashi yana neman takalmi. Wai za shi Wurno shi ce shi na. Liman ya riƙe shi, ni na riƙe shi, ya ce kwana bakwai za shi jira, ran suna in an watse shi kama hanya.

Na ce ka maido min shi, ka maido. Ban ce ka biya da hannunka ba. Yanzu ban san abin da zan roƙa ba. In ya tahi, noman hwari na bisa, ciyawa ta ci geron, kuma ka san abin da za su yi mai. In ya zamna, kai ka ciki. Maganata ba ya ji. Taka shika ji, ko da shike ya ce rabinta iska ta.

Allah shi ba ka lahiya. Inno na ta kuka, ta ce a gaishe ka.

Yayakka,
Turai

*

Wurno,
19 ga Rabi'us Sani

Zuwa ga Yaya Turai, da Atiku in shina kusa. Gaisuwa. Barka da sauka. Ku yi haƙuri da rubutun, hannun hagu na, yau kwananai ukku da shiga makaranta.

Atiku, ka aje takalmin. Jiya na hwaɗa ma Bature ni na bugi Heluma, da hannun ga da nika rubutu da shi. Bai yarda ba, amma ya gaji, kuma jirginai na tashi wata mai kamawa. Ya rubuta. Shekara guda, Sakkwato, gobe za a tahi da ni. In ka zo yanzu sai su riƙe mu mu biyu, yatsuna sun tahi banza.

Ka yi noman hwari. Ka yi maimai. In ka ga inuwa ta kai ƙahwa ukku ka aje kalme ka koma gida wurin ɗanka, umurnin Tankihwa na.

In ba ku zaɓi suna ba, ku sa mai Bube.

Wassalam.
Mainasara